Tambaya da Amsa: Dogayen 'Yan Wasa, Albashi da Musaya a Gasar NBA

Wasiƙun da suka zo mana a wannan karon yawancinsu a kan abu ɗaya suke: yadda ƙungiyoyin ƙwallon kwando na Amurka ke haɗa dogayen 'yan wasansu, da abin da ke sa su sayo wani su saki wani. Mun zaɓi bakwai daga ciki, mun taƙaita masu tsawo.

Assalamu alaikum. Ban daɗe da fara kallon NBA ba. Ina jin masu sharhi suna cewa ƙungiya kaza tana da rauni a gaba. Su wa ake nufi da 'yan gaba, kuma mutum nawa ƙungiya ke buƙata a wurin?

Wa alaikumus salam, Malam. Mutum biyar ke cikin fili daga kowane ɓangare, ana kiran matsayinsu da lamba 1 zuwa 5. Lamba 1 da 2 su ne 'yan baya, masu riƙe ƙwallo da tsara hari. Lamba 3, 4 da 5 su ne 'yan gaba, kuma lamba 5 shi ne santa, wanda galibi ya fi kowa tsawo. Idan ana maganar rauni a gaba, kusan kullum lamba 4 da 5 ake nufi.

Lissafin yana farawa daga mintuna. Wasa minti 48 ne, kashi huɗu, kowanne minti 12. Matsayi biyu ke nan, minti 96 a kowane wasa, kuma wasanni 82 ne a kaka kafin zagayen fitar da gwani. Santa mai ƙoshin lafiya yakan yi minti 30 zuwa 34, don haka akwai minti 14 zuwa 18 da dole wani ya cike a madadinsa kowane dare. Ƙara da cewa laifi shida ke fitar da ɗan wasa, kuma dogaye sun fi kowa tara laifi saboda su ke tarar masu shigowa kwando. Santa ya yi laifi biyu a minti biyar na farko, koci zai zaunar da shi, ko yana so ko ba ya so.

Ƙungiya tana da gurbi 15 na cikakken kwantiragi, da wasu uku na 'yan wasan da ke kai-komo tsakaninta da ƙaramar ƙungiyarta. A ganinmu, biyar daga cikin 15 ɗin ya kamata su zama na lamba 4 da 5: uku da za su raba minti 96 ɗin, kusan 32 kowanne, da na huɗu mai shiga idan an yi laifi ko rauni, da na biyar, ko dai matashi mai koyo ko tsohon hannu mai ƙaramin albashi. Ƙasa da haka, rauni ɗaya ya isa ya jefa ka cikin ruwa. Oklahoma City ta ɗanɗana wannan a Nuwamban 2024, lokacin da Isaiah Hartenstein ke jinyar hannu, Chet Holmgren kuma ya karye a ƙugu, har sai da Jalen Williams, wanda ba santa ba ne, ya riƙe matsayin na wasu wasanni.

Aikin da ake nema daga wurinsu huɗu ne: tsare bakin kwando, cafke ƙwallon da ta dawo daga kwando, buɗe wa abokan wasa fili a hari, da iya tsare ɗan baya mai sauri idan ta kama. Ɗan wasa ɗaya mai yin duka huɗun ba ya da yawa a duniya. Shi ya sa ake haɗa biyu ko uku su rufa wa juna asiri.

Ni dai a ganina tsawo shi ne ƙwallon kwando. Me zai hana ƙungiya ta sa santa biyu a fili lokaci ɗaya ta danne kowa? Houston ta yi haka da Hakeem Olajuwon da Ralph Sampson, San Antonio ma ta yi da Tim Duncan da David Robinson.

Misalanka gaskiya ne, ɗan'uwa. Houston ta kai wasan ƙarshe a 1986, San Antonio ta ci kofi a 1999 da 2003. Har yau ma ana yi, kuma yana aiki, amma da sharaɗi, saboda wasan ya canja.

Ka duba fili. Akwatin da ke ƙarƙashin kwando faɗinsa mita 4.88 ne. Layin maki uku yana nisan mita 7.24 daga kwando, a kusurwa kuma mita 6.71. Dokar NBA ta hana mai tsaro tsayawa a cikin akwatin fiye da daƙiƙa uku idan ba wani yake gadi kusa da shi ba. To idan dogonka ya iya jifan maki uku, ya tsaya a kusurwa, dole mai gadinsa ya bi shi can, akwati ya buɗe, ɗan bayanka ya shige. Idan kuwa dogayenka biyu duk sai a gindin kwando suke cin maki, masu gadinsu biyu suna nan zaune a akwatin bisa doka. Tauraronka ya keta mai gadinsa, ya ɗaga kai, sai ya tarar da mutum huɗu a gabansa, biyu nasa biyu na abokan hamayya.

Sharaɗi na farko ke nan: aƙalla ɗaya daga cikin biyun ya zama mai jifan da ake tsoro. Wanda ke cin 36 cikin 100 na jifan maki uku yana kawo maki 1.08 a kowane jifa, daidai da wanda ke cin 54 cikin 100 daga cikin layi. Amma yawan jifan ma abin dubawa ne. Wanda ke jefa ɗaya a wasa, ko da yana ci, ba wanda zai bar akwati ya bi shi. Milwaukee ta gane wannan a 2018 da ta ɗauki Brook Lopez a kan kwantiragin shekara ɗaya na kusan dala miliyan 3.4. Lopez ya tsaya can waje a hari, Giannis Antetokounmpo ya samu hanya, a tsaro kuma Lopez ya koma bakin kwando. Sun ci kofi a 2021.

Sharaɗi na biyu a tsaro yake: ɗaya dole ya iya fita ya tsare mutum a waje. Harin da aka fi yi a NBA shi ne dogo ya kafa wa mai ƙwallo shinge da jikinsa, sannan ya zame zuwa kwando. Santa mai nauyin ƙafa yakan ja da baya ya jira a akwati. Wannan dabara tana aiki sosai har sai an haɗu da ƙungiyar da duk mutum biyar ɗinta ke jifa. Abin da ya sami Utah ke nan a 2021. Ita ta fi kowa nasara a kakar, santanta Rudy Gobert ne gwarzon mai tsaro, amma a wasa na shida na zagaye na biyu Los Angeles Clippers ta sa gajeru, ta ajiye Terance Mann a kusurwa. Gobert ya tsaya a kwando, Mann ya jefa ba mai hana shi. Gobert ya fita, kwando ya zama babu mai gadi. Mann ya ci maki 39, Clippers ta farke tazarar maki 25 ta fitar da su. Mu ba mu ɗora wa Gobert laifin duka ba, domin 'yan bayan Utah ne ake ketawa tun farko, amma darasin yana nan.

Idan aka ƙi bin sharuɗɗan nan, ga abin da ke faruwa. Philadelphia ta ba Al Horford kwantiragin shekara huɗu a 2019 don ya tsaya kusa da santansu Joel Embiid, alhali Ben Simmons, mai riƙe musu ƙwallo, ba ya jifa daga waje. Fili ya cushe. Bayan kaka ɗaya tak suka tura shi Oklahoma City, har da ƙarin gurbin zaɓe na zagayen farko, wato damar ɗaukar matashi a zaɓen sababbin 'yan wasa da ake yi duk shekara, don a karɓe shi. Horford ɗin nan ne ya koma Boston ya ci kofi a 2024. Ba shi ne ya lalace ba, wurin ne bai dace da shi ba.

Abu na uku na koci ne. Ko da biyun sun dace, ba a barin su tare minti 48. Sukan fara wasa tare, a wajen minti na shida a fitar da ɗaya, ya dawo idan ɗayan zai huta, ta yadda kullum akwai santa a fili, kuma mintunan da suke tare ba za su wuce 15 zuwa 20 ba. Haka Cleveland ke sarrafa Jarrett Allen da Evan Mobley. A wasan ƙarshe na 2025, kocin Oklahoma City ya ajiye Hartenstein a benci a farkon wasanni uku na farko da Indiana, sannan ya mayar da shi cikin masu farawa a na huɗu. Amfanin mallakar dogaye biyu shi ne ka sami zaɓi, ba wai a tilasta maka sa su kullum ba.

Akasin wancan nake tambaya. Tun da Golden State ta ci kofuna da Draymond Green, wanda ba dogo ba ne sosai, a matsayin santa, me ya sa har yanzu ake kashe kuɗi a kan dogaye?

Golden State ba ta taɓa yin kaka guda babu santa ba. Andrew Bogut, Zaza Pachulia da Kevon Looney su ne suka ɗauki dukan wata shida, aka ajiye tsarin Green don ƙarshen wasa da zagayen fitar da gwani. Wadda ta gwada abin gaba ɗaya ita ce Houston a Fabrairun 2020, da ta saki Clint Capela ta sa P.J. Tucker, mai tsawon mita 1.96, a lamba 5. Da suka haɗu da Lakers ta Anthony Davis da LeBron James a zagaye na biyu, sun ci wasa ɗaya suka sha kashi huɗu a jere.

Matsalar biyu ce. Ƙwallon da ta dawo daga kwando idan masu hari suka cafke ta, ana ba su sabuwar daƙiƙa 14, wato ka yi tsaro mai kyau a banza. Sannan jikin gajeren da ke kokawa da mai kilo 120 kowane dare ba ya kai watan Afrilu lafiya. Kuma duk mai neman kofi a yanzu sai ya bi ta kan Nikola Jokić ko Giannis ko Victor Wembanyama ko makamancinsu.

Malamai, ku fahimtar da ni. Minnesota ta ba da dukiya mai yawa ta sayo Gobert, suka kai wasan ƙarshe na yankin Yamma a 2024 shi da Karl-Anthony Towns, sai kuma suka saki Towns. Wannan ba ɓarna ba ce?

'Yar'uwa, wannan tambayar amsarta a takardar albashi take, ba a fili ba.

A Yulin 2022 Minnesota ta ba Utah 'yan wasa biyar, ciki har da Walker Kessler da ta zaɓa a shekarar, da guraben zaɓe huɗu na zagayen farko (2023, 2025, 2027 da 2029), da damar musanya gurbi a 2026. Kakar farko ba ta yi daɗi ba: Towns ya yi jinyar sha-raɓa fiye da rabin kaka, suka ƙare da nasara 42. A ta biyu kwalliya ta biya kuɗin sabulu: nasara 56, tsaro mafi ƙarfi a gasar, Gobert ya ci kyautar gwarzon mai tsaro karo na huɗu, Naz Reid ya ci ta gwarzon ɗan benci, suka fitar da Denver mai riƙe da kofi.

Yanzu ga kuɗin. A kakar 2024-25 iyakar albashin ƙungiya dala miliyan 140.6 ce. Ana iya wuce ta ta wasu hanyoyi da doka ta yarda, musamman wajen sabunta kwantiragin ɗan wasanka. Wanda ya wuce miliyan 170.8 zai biya haraji. Sama da nan akwai jan layi biyu da yarjejeniyar 2023 tsakanin NBA da ƙungiyar 'yan wasa ta tsaurara: na farko a miliyan 178.1, na biyu a miliyan 188.9. Sabon kwantiragin Towns ya fara ne a kakar, kashi 35 cikin 100 na iyakar albashi, wato kusan miliyan 49, kuma yana ƙaruwa duk shekara har shekara huɗu. Anthony Edwards kusan miliyan 42, Gobert kusan miliyan 44. Mutum uku sun lashe wajen miliyan 135, saura mutum goma sha biyu ba a biya ba.

Haraji mai kuɗi zai iya biya. Jan layi na biyu kuwa hannu yake ɗaurewa. Ƙungiyar da ta haye shi ba za ta haɗa albashin 'yan wasa biyu ta musanya su da mutum ɗaya mai tsada ba. Ba za ta saka tsabar kuɗi a ciniki ba. Ba ta da kason nan na musamman da ake ɗaukar ɗan wasa mai matsakaicin albashi da shi, sai dai masu mafi ƙarancin albashi. Ana daskarar da gurbin zaɓenta na shekara ta bakwai mai zuwa, ba za ta iya cinikinsa ba, kuma idan ta daɗe a saman layin, a mayar da gurbin ƙarshen zagaye. Ga ƙungiyar da ta riga ta tura gurabenta Utah, wannan gaba kura ce baya sayaki.

Shi ya sa a Oktoban 2024 suka tura Towns New York, suka karɓi Julius Randle da Donte DiVincenzo da gurbin zaɓe ɗaya. Ba su sauka ƙasan layin nan take ba, sauƙin na shekarun gaba ne: babban albashi ɗaya mai tsawo ya zama biyu matsakaita, kuma suna da Reid da zai ɗauki wani kaso na aikin Towns. New York kuma tana cikin tsananin buƙata, domin Hartenstein ya tafi. Dokar sabunta kwantiragi ba ta bar su su ba shi fiye da kusan miliyan 72.5 a shekara huɗu ba, saboda shekara biyu kawai ya yi a wurinsu, Oklahoma City kuma ta ba shi miliyan 87 a shekara uku. Minnesota da New York duk sun kai wasan ƙarshe na yankinsu a 2025.

Ra'ayinmu: kuskuren, idan akwai, tun 2022 aka yi shi, ranar da aka amince a biya santa biyu albashin tauraro. Duk ƙungiyar da ta sa fiye da kashi 60 cikin 100 na iyakar albashi a kan mutum biyu da asalin matsayinsu ɗaya ne, ta sa wa kanta wa'adi. Boston ma haka ta saki Kristaps Porziņģis da Jrue Holiday a bazarar 2025, shekara ɗaya bayan cin kofi.

Idan ni ne manajan ƙungiya, ga Fabrairu, watan da ake rufe kasuwar musaya, ya ƙarato, na ga gabana ba ƙarfi, ta ina zan fara?

Ka fara da gano ciwon kafin sayen magani. Ka ware mintunan da santanka ke fili da waɗanda yake benci, ka duba makin da ake ci muku a kowane hari 100 a kowanne. Idan rushewar tana zuwa ne lokacin da ya zauna, mataimaki kake buƙata, kuma gurbin zaɓe na zagaye na biyu ko biyu yakan wadatar. Idan ana cin ku ne ko yana fili, ka kalli faifan wasa: shi ne ke makara, ko 'yan baya ne ake ketawa? Sabon santa ba zai gyara ɗan bayan da ba ya iya tsayawa gaban mutum ba.

Kada yawan ƙwallon da ɗan wasa ke bugewa a sama ya ruɗe ka. Akwai mai tsalle wa kowane jifa, ya buge biyu ko uku a wasa, amma duk tsallen da bai samu ba ya bar mutuminsa a gindin kwando yana jiran ragowa. Abin dubawa shi ne kason da abokan hamayya ke ci a bakin kwando idan yana kusa, da ko suna ma rage shigowa idan sun gan shi. Ka duba jifan kyauta kuma. Wanda ke cin 45 cikin 100 yana kawo maki 0.9 a jifa biyu, alhali hari na yau da kullum yana kawo fiye da maki 1.1, don haka za a riƙa yi masa laifi da gangan har koci ya fitar da shi. Boston ta yi wa Mitchell Robinson haka a 2025.

Daga nan ka tambayi kanka me tauraronka ke buƙata. Luka Dončić yana son wanda zai kafa masa shinge ya ruga kwando a cilla masa ƙwallo sama. A Fabrairun 2024 Dallas, ƙungiyarsa a lokacin, ta sayo Daniel Gafford daga Washington da P.J. Washington daga Charlotte, kowanne da gurbin zagayen farko ɗaya, ta haɗa su da matashi Dereck Lively. Gafford ya ci jifa 33 a jere ba kuskure a watan Maris, Dallas ta kai wasan ƙarshe daga matsayi na biyar a Yamma. Jokić na Denver kuwa mai rabon ƙwallo ne, abin da yake so shi ne ƙaƙƙarfa mai zamewa kwando ba tare da ƙwallo ba, wanda zai tsare babban ɗan gaban abokan hamayya. Aaron Gordon ke nan, da Denver ta karɓo daga Orlando a Maris 2021. A Orlando ana neman ya zama jagoran hari, abin bai karɓe shi ba. A Denver aka rage masa aiki, ya zama ginshiƙin kofin 2023. Toronto ta sayo Marc Gasol a Fabrairun 2019 tana hangen Embiid, suka kuwa haɗu a zagaye na biyu, aka yi wasa bakwai, Toronto ta wuce har ta ci kofi.

Sai daidaita albashi. Ƙungiyar da ta wuce iyaka ba za ta karɓi albashi ba sai ta fitar da makamancinsa. Bisa ƙa'idar kakar 2023-24, ga wadda ke ƙasan jan layi na farko: ka fitar da miliyan 5, kana iya karɓar miliyan 10.25, ka fitar da 20, ka karɓi 27.5, ka fitar da 40, ka karɓi 50.25. Wadda ke saman layin a yanzu ba za ta karɓi fiye da abin da ta fitar ba ko da dala ɗaya. Shi ya sa manajoji masu hangen nesa ke ajiye kwantiragi ɗaya ko biyu na miliyan 10 zuwa 20, domin su ne kuɗin cefanen Fabrairu. Ka tuna kuma yawancin waɗanda suka sa hannu a bazara ba a cinikinsu sai 15 ga Disamba.

Guraben zaɓe ma suna da doka. Ba a sayar da abin da ya wuce shekara bakwai gaba, kuma ba za ka bar kanka babu gurbin zagayen farko shekara biyu a jere masu zuwa ba. Ana kiranta dokar Stepien, da sunan Ted Stepien, mai ƙungiyar Cleveland a farkon shekarun 1980, wanda ya yi ta rabar da gurabensa. Idan za ka bayar, ka nemi kariya, misali gurbin ya zauna a hannunka idan ya faɗo cikin biyar na farko. Kuma idan saura wata huɗu kwantiragin ɗan wasan ya ƙare, ka san abin da zai nema kafin ka biya. Indiana ta ba da gurabe uku a kan Pascal Siakam a Janairun 2024, ta sabunta kwantiraginsa a bazarar, ta kai wasan ƙarshe a 2025. Da ya tafi, da an yi asarar gurabe uku a kan rabin kaka.

Ya fi kyau a zaɓi santa a gurbin farko-farko na zaɓen sababbin 'yan wasa, ko a jira?

Idan irin Duncan ne a 1997, ko Davis a 2012, ko Wembanyama a 2023, ba a jira. Idan kuwa dogo ne kawai mai tsalle wanda ba ya jifa ba ya rabon ƙwallo, irin aikinsa ana samunsa da araha a ƙasa. An zaɓi Gobert a gurbi na 27 a 2013, Jokić na 41 a 2014, Marc Gasol na 48 a 2007, Allen na 22 da Hartenstein na 43 a 2017, Reid kuwa ba wanda ya zaɓe shi a 2019. A ɗaya gefen, Hasheem Thabeet a 2009, Marvin Bagley a 2018 da James Wiseman a 2020 duk gurbi na biyu ne, kuma ba wanda ya zama abin da aka zata. An ɗauki Bagley ne Dončić yana nan ba a zaɓe shi ba.

Dogaye suna jinkirin nuna. Karanta hari daga bayan tsaro, da sanin lokacin fita da lokacin tsayawa, yakan ci shekara uku ko huɗu. Kwantiragin ɗan zagayen farko kuma shekara huɗu ne, biyu tabbas, biyu zaɓin ƙungiya. Sau da yawa daidai lokacin da ya fara gane wasa ne lokacin biyansa babban kuɗi ke zuwa, kafin ka tabbatar da shi.

Na ji an ce Lakers ta sayi Mark Williams a 2025 sannan aka fasa. Ashe ana fasa ciniki bayan an sanar?

Ana fasawa, Malam. Ciniki ba ya kammala sai ɗan wasa ya je sabuwar ƙungiyarsa likitocinta sun duba shi, sai dai in ƙungiyar ta yafe gwajin. A Fabrairun 2025, bayan Lakers ta ba da Davis ta karɓi Dončić, ta rasa santa, ta amince ta ba Charlotte Dalton Knecht da Cam Reddish da gurbin zagayen farko na 2031 da musanyar gurbi a 2030. Williams bai tsallake gwajin likitocinsu ba, aka warware cinikin, kowa ya koma inda ya fito. Lokacin an riga an rufe kasuwa, ba damar neman wani ta musaya. Minnesota mai Gobert da Randle da Reid ta fitar da Lakers a wasa biyar a zagayen farko. Duk da haka muna ganin ƙin cinikin biri a sama ya fi, domin gurbin 2031 ba ƙaramin abu ba ne.

Abin da likitoci suka fi bincika a jikin dogo shi ne tafin ƙafa, gwiwa da baya. Mutum mai kilo 115 ko fiye yana tsalle yana dira sau da yawa a kowane wasa, nauyin duka a kan ƙananan ƙasusuwan ƙafa. Akwai wani ƙashi a tsakiyar ƙafa da jini ba ya isarsa sosai, idan ya tsage yana jinkirin haɗewa. Shi ya hana Embiid buga kakarsa biyu ta farko bayan an zaɓe shi a 2014, kuma raunin ƙafa ne ya sa Yao Ming ya yi ritaya a 2011 yana ɗan shekara 30. Greg Oden, da Portland ta ɗauka a gurbin farko a 2007 ta bar Kevin Durant, wasa 105 kawai ya buga a kakar NBA duk rayuwarsa saboda gwiwa.

Ba a cewa kada a taɓa mai tarihin rauni. Ana rage farashinsa ne, a kuma tanadi madadinsa tun kafin ya iso. A kwantiragi ana iya sa shekarar ƙarshe ta zama zaɓin ƙungiya, ko a ɗaure wani kaso na kuɗin da adadin wasannin da ya buga. A fili ana hutar da shi ɗaya daga cikin wasanni biyu da suka zo dare biyu a jere. Boston ta karɓi Porziņģis a Yunin 2023 tana sane da tarihinsa, saboda tana da Horford a gefe. Ya buga wasa 57 a kakar, ya ji rauni a zagayen farko da Miami, bai dawo ba sai wasan ƙarshe da Dallas, Horford ya riƙe lamba 5 duk tsawon lokacin yana dab da cika shekara 38.